Awon Jinin Malam Shiru

Idan ka taɓa kwanciya a asibitin nan, ko ka yi jinyar wani, to ka san Sista Ba-Komai, ko da ba a gaya maka ita ce ba. Ita ce gajerar nan mai faɗi, mai tabarau a kan karan hanci, wadda ake jin ƙarar takalminta tun daga ƙarshen baranda, har 'yan dubiya da suka baje a gadon marar lafiya su yi wuf su sauko kafin ta iso. Sunanta na yanka yana nan a jikin katin da take ratayawa, amma ko Babban Likita sai ya leƙa katin kafin ya tuna shi.

Ba a banza ta sami sunan ba. Ita ce babba a gidansu, uwarsu kuma mai yawan ciwo ce, don haka tun tana 'yar firamare take goya wannan, ta wanke wancan, ta ɗaure wa na uku ƙafa da tsumma. Duk wanda ya zo da kuka, kafin ma ta ga ciwon za ta ce, "Ba komai." Da kalmar ta shiga makarantar koyon jinya, da ita ta fito. Jini ya ɓalle wa mai haihuwa, ba komai. An kawo mutum ƙashi a waje, ba komai. Ranar da aka kira ta aka ce ɗakin girkinta ya kama da wuta, tana tsakiyar ɗinke goshin wani, sai ta ce, "Ba komai, ku kashe," ta ci gaba da ɗinkinta. Mijinta mai gyaran agogo ne, mutum mai haƙuri da ƙaramar murya. Yakan ce ranar da ya nemi aurenta ma amsar da ya samu ke nan, kuma har yau bai tabbatar ba, yarda aka yi ko haƙuri aka ba shi.

Mutum ɗaya ce a duniya ke iya duban idonta ta ce, "Ƙarya kike yi." Ita ce Kanari, ƙawarta tun daga makaranta, wata siririyar nas da ba ta iya wanke ciwo sai tana rera waƙa. Sun yi aiki tare shekara da shekaru, sun aurar da 'ya'ya tare, sun yi faɗa a kan almakashi ɗaya har ba adadi.

Da annoba ta zo, aka ware dogon ɗakin da ke bayan asibiti aka ce nan za a killace masu cutar, aka ɗora Ba-Komai a kai, don wa kuma za a ɗora? Suka shiga rigunan leda masu zafi kamar tanda, takunkumi a kan takunkumi, ga tabarau na roba da ke yin gumi har ba ka ganin jijiyar da za ka soka. Ba a gane kowa sai ta tafiyarsa. Kowa ya koma rubuta sunansa a ƙirjin riga, Kanari kuwa ta ce ita ba za ta rubuta ba, sai ta zana tsuntsu.

Cutar ta kama Kanari a tsakiyar ruguntsumin. Aka kwantar da ita a gadon da ke jikin taga, kuma Ba-Komai ce ta yi jinyarta da hannunta. Wata safiya, ana shirin miƙa aiki, Kanari ta cika. Ba-Komai ta rufe mata ido, ta cire robar iska, ta kira Dogo mai tura gado ya zo ya ɗauke ta, ta canja zanin gadon, sannan ta wuce rabon magani. Ba wanda ya ga hawayenta, domin ba ta yi ba.

A gida kuwa, tun farkon annobar ta kwashe kayanta ta koma ɗan ɗakin baya inda maigida ke tara agogunan da masu su suka manta. Ana ajiye mata abinci a bakin ƙofa. Wannan ba abin mamaki ba ne, duk ma'aikatan haka suka yi. A cikin haka 'yarta ta haihu a gidan, don an rufe hanyoyi mijinta yana wani gari. Jikar fari ke nan, mace, kuma ta taga Ba-Komai ta gan ta. Daga baya cutar ta fara lafawa, aka yi musu allurar rigakafi, aka yi ta gwada su ana cewa lafiya lau, kowa ya koma cikin iyalinsa. Ita kaɗai ta ƙi fitowa. Tana wanke hannu har fatar ta tsattsage, barci kuma ya yi mata ƙaura.

Maigida yakan tsaya a bakin taga ya ce, "Uwargida, yarinyar nan fa har ta fara zama, ba ta san jikin kakarta ba."

"Ba komai."

"Ni dai ina ganin da komai."

"Kai da agogo ka sani. Rufe min taga."

Sai ya rufe. Amma abin yana cin sa, yana cin 'yar, ita ma kuma yana cin ta. Duk sanda ta ji kukan jaririyar ta bango, hannunta kan miƙe da kansa, sai ta kai shi ƙarƙashin famfo.

Kada a yi wa hukumar asibiti rashin adalci, ta yi ƙoƙari iyakar saninta. Da farko an tara ma'aikata a fili cikin rana aka tafa musu. Dogo ya ce tun da yake bai taɓa ganin an tsayar da mutum a rana don a gode masa ba. Sai aka manna hotuna a bango, ga wata mata tana murmushi a bakin teku, an rubuta cewa a kula da kai. Sai aka ba da lambar waya ta masu damuwa, wadda idan ka kira sai ta sa maka kiɗa har kuɗinka ya ƙare. Sai aka nuna musu wani bidiyo inda ake koya wa mutane jan dogon numfashi, su da suka wuni suna roƙon huhun wasu ya ja ko da rabi.

A ƙarshe dai aka yi abin kirki. Aka kwashe tsofaffin katifu daga wani ɗaki, aka yi masa fenti, aka sa kujerun kushin, da firji, da na'urar sanyi, da butar shayi, har da wata shuka a tukunya. Aka ɗauko wani masani a kan damuwar zuciya aka zaunar a ciki, dattijo mai furfura, siriri kamar sandar mofa, wanda aikinsa shi ne ya saurare ka. Kafin mako ya zagayo an raɗa masa Malam Shiru.

Sai dai wanda ya zaɓi ɗakin, Allah ya yafe masa. Ƙofar tana kallon bencin da kowa ke zama shan shayi, kuma an kafa mata allo da manyan baƙaƙe: LAFIYAR ƘWAƘWALWAR MA'AIKATA. To wa zai tashi a gaban direbobin motar asibiti da masu shara da 'yan ɗakin magani ya shiga nan? Kafin ya fito labari ya kai unguwarsu cewa kansa ya taɓu. Ban da wannan ma akwai abin da hukuma ba ta lura da shi ba. Mutumin da ya saba shiga ɗaki da tire a hannu ba ya iya shiga hannu rabbana ya zauna a kujerar marar lafiya. Ƙafarsa ma ba ta san hanyar ba.

Don haka Malam Shiru ya zauna shi kaɗai, yana ba shukarsa ruwa har ta fara rawaya.

Ba-Komai ta fi kowa raina ɗakin. Ta ce, "Mu da muke ɗaukar mutane, mu za a ɗauka? A ba mu safar hannu mai kyau, a bar mu da ƙwaƙwalwarmu." Amma tana da ido. Ta ga 'yan matan da ke ƙarƙashinta suna shiga ma'ajiyar zannuwa ɗauko zani ɗaya su yi rabin wuni, su fito hanci ja. Ta ga Dogo, wanda a da ba a shan shayi kusa da shi don kada a ƙware da dariya, ya koma zama a kan tukunyar iska yana kallon tafin hannunsa. Shi ne ya tura kowace gawa daga ɗakin masu cutar, kuma da yawansu ya san su da rai.

Ana haka sai Babban Likita ya tsaya a gaban bencin shayi, ya leƙa ɗakin, ya ga dattijo da shuka. Ya ce, "Tunda ba mai so, ƙarshen wata a mayar da katifu."

Wannan magana ce ta tsaya wa Ba-Komai a wuya. Idan ka tambaye ta za ta ce firjin take ji, kuma gaskiya ne tana jin sa. Ta wuce ta gaban ƙofar kamar mai neman wani abu, ta saci kallon Malam Shiru, ta ga wuyan rigarsa ya yi masa yawa, ta ga agogonsa yana yawo a tsintsiyar hannu. Ta tsaya cak. Waɗanda suka san ta sun ce duk sanda ta tura tabarau sama da yatsa ɗaya, to wani zai shiga uku.

Washegari wajen miƙa aiki, bayan an gama bayanin marasa lafiya, sai ta rage murya.

"'Yan nan, akwai wata magana, amma kada ta fita. Mutumin nan na ɗakin fenti ba shi da lafiya."

Suka matso.

"Kun dube shi kuwa? Kun ga wuyansa? Mutum yana zaune shi kaɗai tun safe, ba mai ce masa sannu, ba ya ci, ba ya magana. Ni na san hawan jini idan na gan shi, wannan irin mai kisan mummuƙe ne. Ranar da ya faɗi a ɗakin nan, a asibiti, kewaye da nas-nas, ina za mu sa fuskarmu?"

Wata ta dafe ƙirji. "Wayyo, bawan Allah! Sista, shi ya sani?"

"Ina zai sani? Masu ilimi ai su ne ba sa sani. Kada wadda ta gaya masa, tsoro zai ƙara masa. Ku riƙa shiga ɗaya bayan ɗaya kuna auna shi, ku ce sabuwar doka ce. Kuma ku bi ƙa'ida, kada ku yi min awon kasuwa."

Ƙa'idar kuwa duk nas ta san ta. Ba a auna jinin mutum yana cikin motsi. Sai ya zauna ya jingina, ya huta na ɗan lokaci, ƙafa a ƙasa, hannu a kan tebur, kuma ba ya magana. Ita kuma mai awon tana zaune dab da shi tana jira.

Ta farko da ta shiga ita ce wadda ta fi kowa daɗewa a ma'ajiyar zannuwa. Ta ratsa ta gaban bencin shayi da abin awo a hannu, kai a sama, ba wanda ya ko ɗaga ido, don nas da abin awo ai ba labari ba ne. Ta ce wa Malam Shiru sabuwar doka ce. Ya dube ta, ya dubi abin awon, ya naɗe hannun rigarsa bai ce uffan ba. Ta ce ya huta tukuna, kada ya yi magana. Ya gyaɗa kai.

To fa, nan ake yin ta. Nas ba ta iya zama kusa da marar lafiya a yi tsit, ba a koya mata haka ba. Ta fara da zafin gari. Ta koma kan tsadar mota. Daga nan ta ce ita ma kwanan nan ba ta barci sosai. Daga nan ta ce akwai wani tsoho da ya riƙe mata hannu yana kiran ta da sunan 'yarsa, kuma har yanzu tana jin yatsunsa. Ba ta san sanda ta kai nan ba. Shi dai yana zaune, hannu a kan tebur, yana bin ƙa'ida. Da ta fito idonta ya kumbura, Ba-Komai ta tare ta.

"Nawa?"

"Wallahi Sista, na manta ban auna ba."

"Sakarya. Gobe ki koma."

Kafin ka ce me, awon jinin Malam Shiru ya zama aikin da ake rububi. Masu safe su auna, masu rana su auna, 'yan ɗakin haihuwa suka ji labari suka ce su ma ai suna da abin awo. Wani ɗan ɗakin gwaji ya je ɗibar jininsa ya fito da kwalba wayam. Kowa ya fito sai ya girgiza kai a gaban bencin shayi ya ce, "Kai, bawan Allah nan sai addu'a," yana share ido, mutanen benci kuma su ce Allah sarki, ji yadda suke tausayinsa.

Dogo ne ya rage, shi kuma ba ya awon jini. Ba-Komai ta same shi a kan tukunyar iskarsa.

"Dogo, tashi. Ka san babban sikelin nan na ɗakin ƙashi?"

"Mai nauyin tsiya?"

"Shi. Kullum ka kai shi ɗakin fenti ka auna nauyin Malam. Ramewa yake yi."

"Haba Sista, shi ba zai iya takowa ba?"

"Marar lafiya ne zai bi sikeli? A ina ka koyi aiki? Kuma idan ka kai ka zauna ka huta, kada ka faɗi mana kai ma."

Ya kinkima yana gunaguni. Ranar farko ya fito da wuri. Rana ta biyu ya daɗe. Wata rana can aka ji wata irin ƙara daga ɗakin, kamar ana jan tebur a kan siminti, mutanen benci suka miƙe. Ashe Dogo ne ke kuka, kukan ƙato wanda ya daɗe bai yi ba. Ba-Komai ta tsaya a bakin ƙofa ta harɗe hannu ta ce sikeli ne ya faɗo masa a ƙafa, kowa ya koma ya zauna. Bayan 'yan kwanaki aka ji shi a benci yana kwaikwayon tafiyar Babban Likita, har wani direba ya ƙware da shayi.

Matsalar da Ba-Komai ba ta hango ba ita ce abinci. Ka ce wa nas-nas mutum ba ya ci? Kwanuka suka fara zuwa. Wannan ta kawo ƙwai, waccan madara, wata ta tsaya a kansa sai ya cinye. Firjin da take ji ya cika har ba ya rufuwa. Malam Shiru ya fara kumatu. Wuyan riga ya cika, agogo ya daina yawo, sikelin Dogo kuma ba ya ƙarya.

Wata rana suka yi kiciɓis a baranda, ita da shi. Ya gaishe ta da ladabi, sannan ya ce, "Sista, wata alfarma nake nema. Hannun hagun nan ya gaji. Ko za a sa a cikin sabuwar dokar a riƙa komawa na dama?"

Ta dube shi ta saman tabarau. Fuskarsa ba alamar dariya, amma idonsa ya tona shi.

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun ranar farko. Jinina bai taɓa hawa ba, gadon gidanmu ne. Na yi shekaru ina wannan aiki ban taɓa samun mai turo min mutane kamarki ba, Allah ya saka da alheri." Ya rage murya. "Sai dai ke kaɗai ce ba ki auna ni ba."

"Ina da yara masu yi."

"Haka ne."

"Kuma ni ba abin da ke damuna."

"Haka ne," ya sake cewa, ya dubi hannayenta da suka tsattsage. Ta tura su cikin aljihu ta wuce, takalmi na ƙara fiye da kullum.

Ana gab da ƙarshen wata labari ya kai kunnen Babban Likita. Ya kira ta ofis, ransa a ɓace.

"Sista, ma'aikaci yana fama da hawan jini a asibitina, kowa ya sani har masu shara, ni ban sani ba?"

"Yallaɓai, ba mu so mu ɗaga maka hankali ba ne. Ayyuka sun yi maka yawa."

"Me awon yake nunawa?"

"Yana hawa yana sauka, ranka ya daɗe. Irin wanda sai babba ya duba da kansa."

Ya zari abin sauraren ƙirji ya rataya, ya ce yanzu zai ga ƙarshen wannan shirme. Ba-Komai ta bi shi a baya har bakin ƙofa tana cewa, "Yallaɓai, a dai bi ƙa'ida, sai ya huta tukuna." Babban Likitan nan shi ne ya riƙa yanke wa za a ba tukunyar iska wa za a hana a kwanakin da ba ta isa ba, kuma ba wanda ya taɓa tambayarsa yadda yake kwana. Shayin mutanen benci ya huce, aka sake dafa wani, bai fito ba. Da ya fito sai ya tsaya yana goge tabarau, ya yi gyaran murya.

"Lallai yana bukatar a ci gaba da lura da shi. A bar katifu inda suke. Kuma a cire wannan allon, ya yi girma."

Ba-Komai ta ci nasara, kuma ta yi ta taƙama da ita a ranta. Ta koma gida ta shige ɗakin agogo, ta wanke hannu, ta zauna tana jin jikarta na gwaranci ta bango. Ta gyara kowa, ita tana nan inda take.

Bayan kwana biyu da rana tsaka, tana shirya tiren magani, sai ga Dogo a guje, har da haki.

"Sista! Sista! Malam fa jikin ya tashi! Yau da gaske ne. Ya ce ba wanda zai taɓa shi sai ke."

Ta ɗago. A bayansa ga 'yan matanta sun yi cirko-cirko, kowace ta sa fuskar tashin hankali, ɗaya ma har ta wuce gona da iri tana yarfa hannu. Wata ta miƙo mata abin awo, wata ta karɓe tiren daga hannunta.

"Dogo."

"Na'am, Sista."

"Ni za ku yi wa? Ni da na haifi abin?"

"Wallahi ni dai aike ne." Ya sunkuyar da kai, sannan ya ɗago, wasan ya bar fuskarsa. "Sista, ni na tura gawar Kanari ranar nan. Na ga kin canja zani. Don Allah ki je ki auna shi."

Ba wanda ya taɓa ambata mata ranar. Ta buɗe baki za ta faɗi abin da ta saba, sai ya ƙi fitowa. Ta fizge abin awon ta ce, "Ku ba ni hanya, marasa kunya."

Malam Shiru yana zaune ya riga ya naɗe hannun riga, na dama. Ta ja kujera, ta ɗaura masa abin a dantse da ƙarfi fiye da kima, ta ce ya jingina, kada ya yi magana. Ta ƙudura a ranta ita ma ba za ta yi ba, a gani wa zai gaji. Ta dubi shuka. Ta dubi firji. Ta gyara robar da ba ta karkace ba. Na'urar sanyi tana ta huci. Shekarunta nawa tana aiki, ba ta taɓa zama kusa da marar lafiya ta yi shiru haka ba, sai ta ji abin yana taso mata daga ciki.

"Ruwan da kake ba shukar nan ya yi yawa," in ji ta.

Ya gyaɗa kai.

"Ita ma haka take. Kanari. Duk shukar da aka ba ta sai ta kashe ta da ruwa." Ta taɓa ganyen shukar. "Da safen ranar ta ɗaga robar iska daga bakinta, ta ce min, ke, gaya min gaskiya, zan tashi? Duk duniya ita kaɗai ce ba na iya yi wa ƙarya. Na ce mata ba komai. Ta dube ni, na jira ta ce ƙarya kike yi, kamar kullum. Ba ta da numfashin faɗin haka. Sai ta yi min murmushi kawai."

Ta kifa kai a kan teburin, kusa da hannun da ta ɗaure, ta yi kukan da ta riƙe tun ranar, da wanda ta riƙe tun kafin ranar. A waje Dogo ya tsaya a bakin ƙofa ya harɗe hannu, duk wanda ya miƙe daga benci sai ya ce masa sikeli ne ya faɗo mata a ƙafa.

Da ta lafa, Malam Shiru ya yi magana, karo na farko a tarihin awon. Ya ce abin da ke damunta yana da suna, yana da magani, kuma ba a zama ɗaya yake tafiya ba. Ya ce ta dawo jibi. Ta share fuska ta ce za ta duba ko tana da lokaci. Ya ce to kafin ta tafi ta taimaka ta kwance masa hannu, yatsunsa sun fara sanyi.

Ta koma jibin, ta kuma komawa. Da abin awon take zuwa, amma a kan firji take ajiye shi.

Wata la'asar ta dawo gida ta yi wanka ta canja kaya kamar kullum. Maimakon ta shige ɗakin agogo sai ta tsaya a tsakar gida, hannu a aljihu. Maigida yana bakin teburinsa da gilashi a ido, ya daskare. 'Yarta ta fito da jaririyar a kafaɗa, suka haɗa ido da uban, da gani ka san an yi shiri, kuma ka san Dogo ya bi ta shagon agogo.

"Umma," in ji 'yar, "yarinyar nan kamar jikinta da zafi. Ko za ki ɗan duba..."

"Ke, rufe min baki. Har gida abin ya biyo ni? Lafiyarta ƙalau, daga nan ina gani." Ta zaro hannayen daga aljihu, ta dube su. "Miƙo min ita kawai."

Aka miƙa. Yarinyar ta fi yadda ta zata nauyi. Ta ƙura wa baƙuwar fuskar ido, ta kai hannu ta cafke tabarau ta jefar, sannan ta yi gyatsa ta amayo nono a kafaɗar kakarta, ya gangara har baya. 'Yar ta zabura za ta ɗebo ruwa da sabulu.

"Bar shi," in ji Ba-Komai.

Ta zauna a kan dakalin tsakar gida da jikarta a ƙirji, famfo yana nan kusa da gwiwarta, har rana ta faɗi ba ta tashi ba.